Kuskuren da Anti Saudatu Ta Tona da Bakinta

Ƙarfe shida take hawa mota daga Orozo. Kafin takwas ta sa farar riga, tana bin keji-keji tana latsa cikin ɓeraye da yatsa. Wanda cikinsa ya kumbura, kwanansa ya ƙare. Ita ce mai kashe shi, da bisimilla a bakinta. Shekara ashirin da shida Anti Saudatu tana wannan aiki a wani ɗakin bincike a Abuja, ranar Juma'a za ta yi ritaya. Ban taɓa rubutu don jama'a ba, in na yi tuntuɓe ku yi haƙuri. Maƙwabciyarmu ce, kuma na yi wata shida ina koyon aiki a hannunta.

Ga abin da take nema. A cikin ƙwayoyin garkuwar jikin ɓera akwai wasu zaruruwa arba'in, ana ce musu kuromosom. Wani lokaci ɗaya ya tsinke, guntun ya manne a jikin wani, sai ya tayar da ciwon daji. Ita take ɗiga ƙwayoyin a gilashi, ta duƙa kan madubin bincike har idonta ya yi ja. Likitoci su rubuta takarda, duniya ta karanta. Sunanta bai taɓa shiga ba.

Bara waccan ta ga guntun ya manne a inda ba su taɓa gani ba. Shugabansu, Dokta Edward, har rawa ya taka.

"Madam, wannan karo sunanki zai shiga. Na biyu, bayan nawa!"

Saura kwana uku a tura takardar ta sake duba gilashin. A gabana ta shiga ofishinsa.

"Oga, ɓeran da na kashe mace ce. Zaren da ke gilashin nan na namiji ne. Na rikita kwalabe. Idona ya fara gajiya."

"Wa ya sani?"

"Ni."

"To, ki je ki sha shayi mana, Madam."

"Ba zai shayu ba, Oga. Yaran da ke kwance a asibiti da kumburarren muƙamuƙi, irin wannan tsinkewar ce ke cin su. Wata rana wani zai ɗora magani a kan takardar nan."

Aka janye takardar. Aikin shekara biyu ya zube. Ta sake kashe ɓeraye sittin, abin bai sake fitowa ba. Wasu har yau ba sa amsa gaisuwarta.

Anti, ke ce kika riƙe sunanki a hannu, kika ajiye shi da kanki. Mai ido biyu, ko da ido ya gaji! Mun gode. Allah Ya bar miki sauran ganin. Ku da kuke aiki inda ba mai dubawa, in kun yi kuskure ku tashi ku faɗa, kamar yadda ta yi.

Takardata ba ta kimiyya ba ce, ba za ta je ko'ina ba. Amma ga sunanta, ba na biyu ba: Saudatu Yahuza.