Robar da na zaro a bayan Dutsen Dala

Hannuna na cikin ramin dutse na ji an ce, "Kada ka motsa."

Na waiga. Mutum biyar ne a kaina, ɗaya riƙe da gora.

Wani wasa muke yi da abokaina. Mutum zai ɓoye 'yar roba da takarda a ciki, ya turo alamar wurin ta waya, wanda ya gano ya rubuta sunansa ya mayar. Ranar Asabar alamar ta kai ni bayan Dala, na bar matakala na bi gefe, ban yi wa kowa sallama ba.

Ashe wanda ya ɓoye robar da baƙar leda ya naɗe ta, ya ɗaure da zare.

Wani dattijo ya matso. "Malam, wa aka aiko ka ka binne wa?"

"Wallahi Baba, wasa ne."

"To buɗe mu gani."

Na kwance zaren, na buɗe robar, na warware takardar. Sunaye bakwai a jere. Ni kaina asiri na gani. Mai gorar ya ƙara matsowa.

Dattijon ya ce, "In wasa ne, rubuta sunanka da na mahaifiyarka, ka mayar."

Na rubuta, na mayar.

Ya juya wajensu. "In da cuta ya zo, ba zai binne sunan uwarsa ba. Ku ba shi hanya."

Na yi shirin santsi da maciji, na manta dutsen a bayan gidan mutane yake. Da kuna wurin, za ku yarda da ni?