Namadi Mai Liƙin Roba, Wanda Ya Ƙi Miƙe Bindiga

Shekara da shekaru, da an idar da sallar asuba Malam Namadi yake hura gawayi a rumfarsa ta kasuwar Tambuwal, ya cusa ƙarafunansa a wuta. Kafin hantsi an kewaye shi da fasassun jarkoki, butoci da murafen babur. Ko buta ce ta lanƙwashe sai ta miƙe a hannunsa. A masana'antar roba ya yi ƙuruciyarsa a Kano, kuma yakan ce roba ba ta karkacewa haka kawai: ko an cire ta daga injin da zafinta, ko gefe guda ya riga ɗaya hucewa.

Sirajo mai faci, maƙwabcinsa, shi ya ga abin da ya faru bara waccan. Wasu mutum biyu suka iso a babur ta hanyar Kebbe, suka kwance tsumma. Ƙaramar bindiga ce mai jikin roba, ta karkace har ta daina tashi.

Ɗayansu ya ce, "Baba, an ce kai ka miƙe roba."

Namadi ya dube ta, bai ko taɓa ba. "Wagga ba ta gyaruwa ga hannuna."

"Yi tunani dai. Muna dawowa ran kasuwa."

Tun kafin ran kasuwar ta zo, Namadi ya sanar da mai unguwa, ya tattara ƙarafunansa ya koma Jabo wurin ƙanwarsa Inno. Aka yi ta gulma a gari, wai tsufa ya sa shi lalaci. Bakin mutane sai Allah! Sirajo kuwa tsoro ya hana shi magana sai bana.

Kai ne ka san gyaran sarai, Malam Namadi, ka zaɓi rasa rumfar da take ciyar da kai. Gwani mai tsoron Allah. Wallahi abin yana ci mini rai, domin babu wanda ya taka ya ce maka sannu. Yanzu hayaƙin roba ya cinye maka ido, rumfar kuma mai cajin waya ne a cikinta.

Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Masu sana'a, ku koya daga gare shi: akwai aikin da ake ƙi ko da hannu ya iya. Mu kuwa mu daure mu je Jabo mu gaishe shi, tun yana iya gane muryoyinmu.