Hannun da Bai Kai Sanda Ba

A tashar Magariya wani dogon makiyayi yana jiran motar Damagaram. Ya gicciya sanda a kafaɗa irin tsayuwar masu shanu, amma hannun dama kaɗai ya rataya a kanta. Na hagu in ya ɗago, a ƙirji yake tsayawa. Ta wuyan riga ana hango tabon ɗinki. Wataƙila sa ne ya kayar da shi a rijiya shekarar fari.

Mai fura ta ce, "Baffa, aikin da aka yi wa kafaɗar bai yi ba ke nan?"

"Ya yi, 'yata, alhamdu lillahi. Da ko ludayi ba na ɗagawa, yanzu ina tatsa. Wani lokotoron zan nuna wa a asibiti, ko ya ƙarasa mini zuwa sanda."

Da hagun ya karɓi ƙwaryar, a hankali, ko ɗigo bai zuba ba.