Yaya Haruna da Mutumin da Ya Kasa Tashi

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Haruna, manomi a ƙauyenmu da ke kusa da Tofa. Allah Ya ji ƙansa.

A shekarun da taki ya gagari talaka, gero ya ƙi, talabijin ɗaya ce a unguwarmu, a zauren Alhaji Bala mai injin niƙa. Har yau ina kewar zaman nan. Duk Juma'a bayan la'asar ana nuna wasan wani likitan masu damuwa, wanda ba ya allura, sai dai ya zauna ya saurara. Marasa lafiyarsa uku ne, kuma kowa mun yanke masa hukunci. Ta farko, mai wanke hannu ba iyaka, mun ce aljanu ne. Na biyu ɗan kasuwa ne mai saurin fushi, shi ke ba mu dariya. Na uku magidanci ne da ya kasa tashi daga gado, ba zazzaɓi, ba komai. Shi muka tsana.

"Lalaci ne," in ji Alhaji Bala. "A kawo min shi ya sauke buhu goma, zai warke."

Na goyi bayansa, da ƙarfi kuwa. Yaya Haruna, wanda bai cika sa baki ba, ya ce, "Ni dai na lura likitan nan bai taɓa ce masa sai haƙuri ba. Bari yake ya gama."

A hanyar gida ya tsaya a bakin gonarsa ya ce, "Isa, kwana biyun nan ƙirjina nauyi yake, ko gonar ba na son gani."

Na ce, "Sai haƙuri, Yaya, bana kowa haka yake." Na wuce don kada na rasa jam'in magariba. Bai ƙara tayar da maganar ba, har ciwon hanta ya ɗauke shi bayan damina biyu.

Yau a waya matasa ke kallon irin wasannin, suna rubuta ra'ayinsu, har sunan ciwon magidancin nan sun sani. Da Yaya Haruna yana raye, ina jin tambaya ɗaya zai yi: sun fi mu iya zama a saurari mutum? Ban sani ba.

An raba gonarsa, rabi ya zama gidaje. Abin da ya bar min ba a ƙasa yake ba. Makon jiya babban ɗansa Sani, mai 'ya'ya huɗu, ya zo gaishe ni. Aka gama gaisuwa bai tashi ba, yana ta murza hularsa. Ina da taron kwamitin masallaci, wanda ban taɓa fashi ba. Na aika a ce su fara, na gyara zama, na ce, "Ina jin ka."