Ƙullin da Na Kwance a Gindin Turmi

Da azumin nan da ya wuce Inna ta cika shekara goma sha huɗu da rasuwa. Kowace shekara nakan yi mata sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin jikata Ummi ta fara rarrafe, kuma a tsakar gidanmu kasko yana kan wuta tun hantsi har la'asar.

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu, can bayan Minjibir, ya san Innata, Delu mai ƙuli-ƙuli, ya kuma san abin da ake yi mata dariya a kai. In za ta ɗora mai a wuta, sai ta ɗauko majanyi ta ɗaure ƙafar yaron da ke rarrafe, ta ƙulla ɗaya bakin a ƙugun turmi, nesa da murhu. Maƙwabta su leƙo ta katanga suna tambayar ko Delu ta fara kiwon awaki ne. Iyakacin amsarta ita ce, yaro bai san wuta ba sai ya taka, ita kuwa ba ta shirya nata ya koya ta wannan hanyar ba.

Shekarun fari ne. Gero ya ƙone a gona tun bai fid da kai ba, Baba ya tafi cin rani kudu, sai 'yar gyaɗar da Inna ke aunowa ranar kasuwa ta zama ita ce cinmu. Goya ƙanena Sule a bakin kasko ba ya yiwuwa, don in ta sunkuya zillo yake yi. Ni ina shekara tara.

Wata safiya Inna ta zuba ƙuli a mai, ta zagaya bayan ɗaki ɗauko kara. Sule yana ta tsala kuka yana jan ƙafa. Tausayi ya kama ni, ga zancen akuyar nan da ke min ciwo a rai. Na tsugunna na kwance shi, na juya in ɗebo masa ruwa. Ban kai ga randa ba na ji ƙarar da har yau, in mai ya yi tsartuwa a kasko, ita nake ji.

Inna ta fizge shi daga bakin kasko ta yi ta kwarara masa ruwan randa a ƙunar, ruwan da muka sha tafiya kafin mu samo. Mata suka cika gidan, wannan ta ce a fasa ƙwai, waccan ta ce a barbaɗa toka. Inna ta ƙi, ta ci gaba da zuba ruwa har randar ta ƙare. Ma'aikacin asibitin da aka kai shi ya ce ruwan nan ne ya rage ɓarnar. Sule ya rayu, amma yatsu uku na hannunsa na dama suka manne. Yau ga shi da furfura, bai taɓa riƙe fartanya da hannun ba.

Da aka tambayi Inna yadda aka yi, ta ce ƙullin ne bai ƙullu ba, sakacinta ne. Baba ya dawo ya yi mata faɗan da ban taɓa jin irinsa ba, ta haɗiye. Alhali ta ga majanyin a hannuna. Sau ɗaya ta taɓa zancen, ranar da na haifi ɗana na fari. Ta miƙo min majanyin ta ce, "Hajara, tausayi ma sai an koya masa hankali."

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce da ta ga yau. Wahala ta dawo, gidan da ya saba da risho ya koma icce. Bi kowane lungu ka gani, kaskon awara a ƙasa a ƙofar gida, yara suna guje-guje a gefensa. In abu ya faru a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Inna ba ta taɓa musun ƙaddara ba, amma na san za ta ce Allah ma cewa ya yi tashi in taimake ka.

Rabi, matar ɗana, awara take soyawa, kuma ban ga laifinta ba, dole ce ta sa. Da na kawo mata majanyin sai ta yi dariya ta ce, "Haba Mama, Ummi ai ba akuya ba ce." Bayan kwana uku na fito daga ɗaki na tarar da Ummi bai fi taku biyu tsakaninta da kasko ba, uwarta ta juya tana tace waken suya. Ranar na zaunar da Rabi na gaya mata abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ta tashi ta jawo turmi.

Sule, kai ma a labarin nan za ka fara ji. Ba Inna ba ce, ni ce. Ka yafe mini.

Inna ba ta bar mana gona ba, ko hotonta ba mu da shi. Majanyin nan da ya koɗe shi ne gadonmu, Allah ya kai haske kabarinta. Sai dai tsorona bai kwanta ba. Jiya Ummi tana kuka a gindin turmi, na hangi yayarta Hafsatu, 'yar shekara takwas, ta tsugunna tana kallon ƙullin. Na san kallon nan sarai. Na kira ta na ce ta wanke ƙafarta ta sa takalmi, za mu je gaida Kaka Sule.