Halwar Baffa

Ƙarar faranti a kan tayil ce ta tono mini wannan. A gidan da muke haya a unguwar Hayyis Sabi'i, a Alkahira, ɗiyata takan ajiye abinci a ƙofar ɗakin ɗanta ta juya baya. Can sai ka ji an ja farantin ciki, ƙiii, ƙofa ta rufe. Tun da yaƙi ya koro mu daga Sudan karatunsa ya yanke, yaron nan ya shige ɗaki. Sanyi ya wuce, zafi ya wuce, ga wani sanyin ya zo.

Ni ban san ko alif ba. Ƙanwarsa ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana sawa a waya. Ita ce ta karanta mini labarin wani marubuci ɗan Japan. Wai shi ma ya bar makaranta ya kulle kansa, daga baya ya rubuta littafi a kan saurayi irinsa, duniya ta karanta. Na ce, "Da bakinsa ya faɗa? Uwarsa tana raye?" Ta yi dariya. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, don na tuna Baffa.

Ƙauyenmu yana bakin Nilu, inda kakanninmu suka yada zango a hanyar Makka, ba su ƙara gaba ba. Baffa ƙanen mahaifina ne. Ya tafi aikin auduga wata shekara, ya dawo ba ya son magana. Ba wanda ya san abin da ya same shi. Ya shiga ɗakin da ke bayan rumbu ya saki asabari. Har yau ina jin ƙanshin wurin: ƙasa mai laima, hayaƙin garwashi, da kisira, wainarmu ta dawa, wadda ta kwana.

Abokansa suka fara zuwa tambaya. Kaka, uwarsa, ta rasa abin cewa. A garinmu namiji mai lafiya ba ya zama a ɗaki damina na zuba. Za a ce taɓuwa ce, kuma taɓuwa ba ta tsayawa kan mutum ɗaya, har 'yan matan gidan sai ta hana su miji. Sai ta ce, "Ya shiga halwa." Wato ya keɓe don ibada.

Kalma ɗaya, ta rufa mana asiri. Kafin lokacin girbi, mata sun fara zuwa da ruwa a ƙwarya don a tofa musu addu'a. Ana tura ƙwaryar ta ƙarƙashin asabari, a jira, a jawo ta. Ko ya tofa ko bai tofa ba, Allah kaɗai ya sani. Suna kawo dabino da sukari. Mu yara muka ci, muka yi ta taƙama a bakin kogi cewa gidanmu akwai waliyyi.

Wata safiya bayan ruwa ya ɗauke, akuyarmu tana haihuwa, sai ga asabari ya ɗaga. Baffa ya fito yana kare ido da hannu, ƙafafunsa sirara kamar kara. Ya tsuguna kusa da akuyar ya ce, "Biyu ne, ko?" Har da murmushi. Amma akwai mata a zaure da ƙoransu. Kaka ta taso da sauri, ta kama hannun rigarsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Koma, ɗana. Mutane na jira. Me za mu ce musu?"

Ya dube ta, ya dubi 'ya'yan akuyar, ya koma. Bai sake fitowa ba sai a makara. Jana'izarsa ta cika maƙil, har daga ƙetaren kogi. Kaka ba ta ƙara cin dabino ba har ta bar duniya. Na girma, na yi aure, na zauna da malam mijina har gashinmu ya yi fari, na binne shi a ƙasar da ba tamu ba, amma ban taɓa gaya masa wannan ba. Ina kukan malam kullum, kowa ya gani. Kukan Baffa ne ban da inda zan kai shi.

To, ranar Juma'ar da ta wuce wani ɗalibi Bakano, abokin jikana, ya buga ƙofa. Ya gaida ni da ladabi ya ce, "Hajiya, mutumina fa? Mun daɗe ba mu gan shi a masallaci ba."

Ɗiyata ta riga ni. "Ma'alish, yi haƙuri, yana tilawa ne. Hadda yake, ba ya son a dame shi."

"Masha Allah! To ya sa mu a addu'a."

Ai kamar asabarin nan ne aka saki a gabana. Sai na ce, "Yaro, ba hadda yake ba. Ba shi da lafiya. Tsoron mutane yake ji, mu kuma kunya muke ji. Ka riƙa zuwa, ko bai buɗe ba."

Ɗiyata ta shige kicin tana kuka. Har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma ban ga laifinta ba, don ni ma tun ranar ba na iya haɗa ido da maƙwabta a matakala.

Duniya ta canza. Yanzu mutum kan rubuta ciwonsa a Japan, tsohuwa ta ji a Alkahira. Mu namu mun lulluɓe shi da carbi.

Jiya na ja kujera na zauna a ƙofarsa da farantin a cinyata. Na ce, "Kai maigida, wane irin miji ne kai? Na farko ya mutu ya bar ni, kai kuma ka rufe mini ƙofa?"

Can na ji muryarsa, a dishe.

"Kaka, me kuka ce wa mutane?"

"Gaskiya."

Ƙofar ba ta buɗe duka ba. Ta buɗe dai iya faɗin faranti, kuma bai mayar da ita ba har na gama ba shi labarin Baffa.