Baƙar Takardar da Ta Wanke Mahaifina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina tsaye gaban allo ina koyar da lissafi sai wayata ta yi ƙara. Babbar 'yarki ce, Inna. Ba ta ja zance ba, ta ce, "Malam, Inna ta cika." Na ajiye alli na fita baranda na zauna a kan benci, har aka kaɗa ƙararrawar tashi ban iya komawa ajin ba. Da la'asar muka kai ki makwancinki.

Ga wanda bai san ki ba, ke ce matar da ta yi shekara talatin da huɗu tana buga tafireta a ƙaramar kotun gundumarmu. Alƙalai sun zo sun tafi, magatakarda sun canja, an ma tashi daga tsohon gini an koma sabo, ke kina nan bayan teburinki kusa da taga. Sunanki na yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa Inna Tafireta yake ce miki, har alƙalan. Ni ba jininki ba ne, ban kuma san ki ba sai shekara uku da suka wuce. Amma abin da kika yi mini, Inna, idan na yi shiru a kansa na zama butulu.

Mahaifina shi ne mai tsaron siton ƙungiyar manoma a garinmu. Ina ɗan shekara tara buhunan taki suka yi ɓatan dabo daga siton, 'yan sanda suka zo ranar kasuwa suka tafi da shi a gaban jama'a. Ya yi mako uku a tsare, sannan ya dawo ya ce kotu ta wanke shi. To amma kama shi a idon kowa aka yi, wankewar kuwa a wani gari mai nisa, inda ba wanda ya je. Takarda ma bai karɓo ba. Ya ce da ya ji alƙali ya ce ya tafi, ko takalminsa bai tsaya ya sa daidai ba. Ba a mayar da shi aiki ba, ya koma gona. A bayan idonsa ana ce masa Mai Taki, mu kuma 'ya'yan Mai Taki.

Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a fili ba. Na yi dambe da yara da yawa saboda sunan nan, amma a can ƙasan zuciyata ni ma ina kokwanto. Na girma ina yi masa biyayya, ina gaishe shi safe da yamma, ban taɓa tambayarsa ba, ban kuma taɓa gaskata shi ɗari bisa ɗari ba.

Da tsufa ya kama shi, idonsa ya mutu, ciwo ya kwantar da shi, wata rana da yamma ya kira ni ya ce in je kotun nan in nemo masa takardarsa. Yana so a karanta masa ita kafin ya bar duniya.

Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Na tarar da ofishin rajista ɗaki ne mai doguwar kanta da tagar waya, fanka a sama ta daɗe da daina juyawa. Magatakardan saurayi ne mai ladabi. Ya tambaye ni lambar shari'ar, na ce ban sani ba. Sunan alƙali fa? Ban sani ba. Shekara? Na faɗi biyu, na ce ɗaya daga ciki ce. Ya sa na cika fom, ya ce in dawo. Na dawo sau huɗu. A zuwa na huɗu ya ji tausayina ya buɗe mini ɗakin ajiya in gani da idona. Fayiloli ne ɗaure da igiya tun daga ƙasa har rufi, na shekarun da nake nema su ne a ƙasa, jikin bango. Ya ɗaga ƙunshi ɗaya, sai ya wargaje a hannunsa, gara ta mayar da shi ƙasa. Littafin rajistar ma bango kawai ya rage.

Ni mutum ne mai saurin fushi, duk wanda ya san ni ya san haka. Na ɗaga murya a kan bawan Allahn da ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da aka yi shari'ar. Ina fita tsohon masinjan kotun ya kama hannun rigata ya ce, "Malam, ihu ba zai tofo da takarda ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Je ka bayan tankin ruwa ka tambayi gidan Inna Tafireta."

Na same ki a bakin ƙofar ɗakinki kina yi wa rigar matashi fure da zare ja. A ciki akwai keken ɗinki, da kabad, a samansa tsohuwar tafireta an lulluɓe ta da ƙyalle kamar jaririya. Ban gama zama ba na fara zuba bayani. Kika ɗaga hannu kika ce, "Ɗan nan, gaida ni tukuna. Sauri kan haifi nawa." Kunya ta kama ni, na durƙusa na gaishe ki yadda ya kamata.

Ba ki tambaye ni lamba ba. Cewa kika yi, "Alƙalin mai tari ne ko mai tabarau? Da damina aka yi zaman ko da rani?" Na ce ban sani ba. Kika dube ni ta saman gilashinki kika ce, "To kai, malamin makaranta, me ka sani? Koma ka tambayi tsohon." Na koma na tambayo. Mai tari ne, kuma ranar da aka sallame shi ruwa ya yi masa duka a hanya. Da na kawo miki wannan amsa sai kika yi murmushi, kika ce in jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado.

Abin da ke ciki takardun kabon ne, irin waɗanda ake sakawa tsakanin takardu a tafireta don kwafi ya fito, baƙaƙe, sirara, dubbai, an jera su tsakanin tsofaffin jaridu, kowace shekara da ƙunshinta. Kika ba ni labarinsu. Alƙali mai tari ba ya yarda a buga hukunci da tsohon kabon, kowane shafi sai sabo, don kwafi ya fita tas. Ana gamawa sai a zubar a kwando. Ke kuwa ba kya ƙaunar ɓarna, ambulan ma juya shi kike yi ki sake amfani da shi. Sai kika roƙi izini kika riƙa kawo su gida don ki riƙa zana furen ɗinki da su. Amma duk wanda kika ɗauko za ki ɗora fensir a kai, sai ki ga sunan wani da ƙaddararsa a jiki, hannunki ya ƙi. Haka kika ci gaba da sayen kabon ɗin ɗinki a kanti, waɗannan kuma kina tarawa, mijinki marigayi yana yi miki tsiya wai kin mayar masa da ƙarƙashin gado kotu.

Kabon da aka buga sau ɗaya, idan aka ɗaga shi a hasken rana, rubutun yana fitowa sarai. Kwana uku muka yi a bakin ƙofar nan, ni ina ɗagawa ina karanta sunayen, domin idonki ya yi rauni. Da na faɗi suna sai ki ce, "Rigimar rijiya ce, ajiye," ko "Wannan rabon gado ne, wuce." In na tsaya ina leƙen abin da ke ƙasa sai ki buge mini hannu da sandar mafici. "Suna kawai aka ce ka karanta. Sauran ba naka ba ne." Kin san asirin rabin gidajen gundumar nan, ban taɓa jin kin ɓarar da ko ɗaya ba.

A rana ta uku, gab da azahar, na ɗaga wani shafi na ga sunan mahaifina. Na miƙa miki na ce ko za ki faɗa mini abin da ke ciki, tunda ke kika buga. Kika ƙi karɓa. Kika ce, "Kai za ka karanta. Tun ranar da ka shigo na gane ba tsohon ne kaɗai ke neman takardar nan ba."

Na karanta. Kotu ta gamsu cewa a kwanakin da kayan suka ɓace, wanda ake tuhuma ya miƙa makullin sito ga wani, shi yana asibiti kwana shida bai fita ba, yana jinyar ɗansa mai shekara tara da ke kwance rai a hannun Allah. Ma'aikatan asibiti biyu sun yi rantsuwa a kan haka. An wanke shi, an sallame shi.

Ni ne ɗan. Na tuna ciwon, na tuna gadon ƙarfen, na tuna hannun da ke shafa mini ruwa a goshi, amma shekara talatin ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Na kifa kai a gwiwa na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ba ki rarrashe ni ba, ba ki kuma yi mini wa'azi ba. Kin ci gaba da furenki har na gaji don kaina, sannan kika turo mini kofin ruwa.

Daga nan kika koya mini abin da ko magatakardan bai sani ba. A zamaninku kowane hukunci kwafi uku ake bugawa, na ukun ana aika shi babbar kotu duk ƙarshen wata. Ga lambar shari'ar nan a saman kabon. Kika sa na sauko da tafireta, kika yaye ƙyallen, kika buga mini takardar neman kwafi da yatsunki masu ciwon sanyi, ba kuskure ko ɗaya. Da lambar a hannuna, ko awa ɗaya ba a yi ba a babbar kotun aka fito da hukuncin, aka buga masa hatimi. Na kawo miki ɗan alheri kika mayar mini, kika ce in ina da abin bayarwa in je in ba magatakardan nan haƙuri. Na je na ba shi.

Na karanta wa mahaifina takardar a gefen gadonsa, ƙannena da kawunnaina suna zaune. Da na zo wurin asibitin ya ce in sake karantawa. Na sake. Ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce, "Ni ai na san ban ɗauka ba. Kai nake so ka sani." Ashe duk shekarun nan ya gane, bai taɓa nuna mini ba. Na roƙe shi gafara ya yafe mini. Bayan wata biyar Allah Ya karɓi abinSa. Ba don ke ba, Inna, da na binne ubana ina zarginsa.

A wurin zaman makokinki na gane ba ni kaɗai ba ne. Wata mata ta ce akwatin nan ne ya hana a kore ta da marayunta daga gidansu. Wani dattijo ya ce shi ya raba su da rigimar iyakar gona da ta ci ƙarfin dagatai biyu. 'Yarki ta shaida mini wasiyyarki, cewa a kai akwatin kotu, kuma "malamin nan mai gaggawa" ya zauna ya jera sunayen da lambobinsu a littafi, ko ya koyi haƙuri. Na karɓa. Magatakardan ya ba mu kabad na ƙarfe, mun ɗora shi a kan bulo nesa da bango. Duk Asabar ina can, kuma suna kawai nake karantawa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki huɗu da jikokinki, da ƙanwarki da ta yi jinyarki, da tsofaffin abokan aikinki na kotu. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya albarkaci abin da ta bari.

Inna, Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki kurakuranki, Ya yalwata kabarinki Ya haskaka shi. Yadda kika rufa asirin bayinSa, Ya rufa naki. Yadda kika adana takardar da ta wanke mahaifina a idon ɗansa, ranar da za a buɗe littattafai Allah Ya wanke ki, Ya miƙa miki naki a hannun dama. Amin.